Kirari a Gurbin Hujja: Nazarin Salon Rubuce-rubucen Hausa a Kan Ladi Kwali

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a rubutun zube na Hausa, wato ajiye kirari a inda ya kamata a ajiye hujja. Za a yi gwaji da abin da ake rubutawa game da Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan Bagwariya, wadda aka haifa a garin Kwali wajejen 1925, ta rasu a Minna a 1984. Misalan sun fito ne daga jingar ɗalibai da shafukan jaridu da suka biyo ta hannun marubucin tun da aiki ya kawo shi wannan yanki.

2.0 Yabo Ba Tare da Bayani Ba

Galibin rubuce-rubucen sukan buɗe da kalmomi irin su "gwanar gwanaye" da "tauraruwar mata", sannan a ambaci hotonta da ke bayan takardar Naira 20 tun 2007, shi ke nan sai a rufe. Kirari gadon Bahaushe ne, ba kuwa abin ƙi ba ne, sai dai ba a tambayar maroƙi hujja, manazarci ake tambaya.

Wanda ya ce ta gwanance, wajibi ne ya nuna inda gwanintar take. Da hannu take gina randa, tana ɗora yumɓu sahu-sahu tana kewaya ginin, sannan ta zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya a jikinta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya kafa, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. A can aka riƙa shafa wa randunanta ruwan ƙyalli, ana gasa su a zafin da ya haura digiri 1,200. Sakamakon haka randar ta yi nauyi, ta kuma daina tsattsafo, alhali tsattsafon nan ne ke sanyaya ruwa. Wato ta tashi daga kayan amfanin gida ta koma kayan ado. Shin ci gaba ne wannan ko hasara? Ga tambayar da ta cancanci a yi muhawara a kanta, amma kirari ya toshe mata ƙofa, domin wanda ya gama yabo tun a jimlar farko bai bar wa kansa abin da zai auna ba.

3.0 Matsalar "An Ce"

Kuskuren da ya fi yawaita shi ne cewa ta yi aiki a Abuja, babban birnin tarayya. Cibiyar tana tsohuwar Abuja ne, garin da yau ake kira Suleja a Jihar Neja, kuma a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tukwanenta. Dokar da ta kafa yankin babban birnin ta fito a 1976, gwamnati kuwa ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, shekara bakwai bayan rasuwarta. Jera shekarun nan kawai ya isa ya hana faɗawa ramin. Haka nan ana kiranta "Dakta" ba tare da an faɗi cewa digirin girmamawa ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta a 1977 ba.

A ganina, nahawun Hausa da kansa yana sauƙaƙa wannan sakaci. Lamiran "an" da "aka" da "ake" suna ba mai magana damar ɓoye aikau, abin da ke da kyau wajen ladabi da sakaya zance, amma a rubutun ilimi yakan zama maɓoyar wanda bai bincika ba. "Masana sun ce" ma 'yar'uwar "an ce" ce, riga kawai ta sauya. Ya kamata malamin da ke duba kundi ya ja layi ƙarƙashin kowace "an ce", ya rubuta a gefen takarda: wa ya ce, a ina, a wace shekara?