Kafin ka zargi manomi, leƙa kwatar lungunku

In ka taɓa karanta wani rubutu kan yadda sinadarin fosforas ke gurɓata koguna, na san abin da aka gaya maka: manomi ya zuba takin zamani, ruwan sama ya kwashe, kogi ya koma kore. A Amurka akwai gaskiya a ciki. Kogin Misisipi yana kwaso taki daga gonakin masara ya juye a Tekun Meziko, inda duk shekara ake samun makeken yankin da kifi ba ya iya zama. Kuskuren da nake gani a rubuce-rubucenmu shi ne mun ɗauko wannan bayani ɗungurungum mun jibga wa Kano.

Fosforas dai shi ne harafin P na jikin buhun NPK. Abinci ne ga tsiro, kuma a ruwan daɗi yawanci shi ne abin da ya yi wa gansakuka ƙaranci. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da labule a Kanada. Duka ɓangarorin an zuba musu naitirojin da kabon, ɗaya kawai aka ƙara wa fosforas, shi ne kuma ya rufe da kore. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar oksijin ta cikin ruwa, kifi ya taso.

To amma daga ina namu yake fitowa? Tsaya a bakin wani lungu a Soron Ɗinki da hantsi ka dubi kwata. Babu gona ko ɗaya a unguwar, amma ruwan nan cike yake da fosforas. Kowane babban mutum yana fitar da wajen giram ɗaya da rabi a rana, mafi yawansa ta fitsari. (Ai a cikin fitsari ma Hennig Brand ya fara gano sinadarin a 1669.) Ka lissafa da yawan jama'ar cikin birni, a garin da galibin gidaje masai ne da sokawe, wurin wanka kuma kwata yake zuba. Ƙara da ruwan wanke-wanke, da wasu nau'o'in garin sabulu masu fosfet, irin wanda Tarayyar Turai ta taƙaita a sabulun wanki tun 2013, da jini da tumbin mayanka. Rafin Jakara, babban magudanar birnin, shi ke ɗaukar kaso mai yawa, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai.

Manomin da ake ɗora wa laifi kuwa, ƙasarsa yunwar fosforas take yi. A taron Abuja na 2006 burin da shugabannin Afirka suka sa wa gaba shi ne kilo 50 na taki a kowace hekta, kuma har yau Najeriya ba ta kai ba. Ban wanke noman rani na Kura da Kadawa ba. Fosforas yana manne wa ƙasa, duk inda zaizaya ta ci gona yana bin laka ya shiga ruwa. Amma wannan kogin Kano ne, ba Jakara ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama, kuma shi ya kamata ka nema a duk binciken da aka nuna maka. In daga gona yake, zai hauhawa ne da damina bayan ruwa mai ƙarfi. In daga gidaje ne, ya fi kauri da rani, lokacin da babu ruwan saman da zai sirka shi. Wanda ya ɗebi ruwa sau ɗaya a wuri ɗaya ya rubuta "takin zamani" bai nuna komai ba.

Zargin da bai dace ba yana jawo maganin da bai dace ba. Rufe Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai zai rage wari da shara, amma giram ɗaya na fosforas ba ya raguwa, sai dai ya fito can gaba inda masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyahu.

Abin da ya fi ba ni takaici, birnin nan ya taɓa sanin dabarar. Da rani jakuna ke fita ta ƙofofin gari da mangalar toka da shara da kashin dabbobi zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace. Yau daga Maroko muke sayo fosfet, na gida kuma muna tura shi Wasai.