Tarken Salon James Jamerson na Kaɗa Jitar Bas

1.0 Gabatarwa

A kiɗan zamani, jitar bas ce kunne ya fi saurin tsallakewa, alhali a kanta sauran kiɗan yake zaune. Mai sauraro yakan riƙe muryar mawaƙi da bugun ganga, amma da wuya ya iya maimaita abin da mai bas ya kaɗa. Sai an cire shi ne yake jin waƙar ta zama fanko. Wannan takarda za ta yi tarken salon James Jamerson (1936-1983), makaɗin bas na Amurka, domin nuna cewa gwanintarsa tana ga yadda yake sarrafa tsayin amo da gajartarsa, kuma ya zaɓi kayan aikinsa ne don su biya masa wannan bukata. Ɗalibin Hausa ya saba da auna tsayin wasali da karin sauti, kuma irin wannan kunne ake bukata a nan.

2.0 Jitar Bas da Aikinta

Kamfanin Leo Fender na Kalifoniya ya fitar da jitar bas mai suna Precision a shekarar 1951. Kafin nan, makaɗa suna amfani da wani ƙaton gogen Turawa mai tsayin mutum, wanda ake tsayawa a kaɗa. Ga wahalar ɗauka, ga shi sautinsa yakan nutse a cikin ƙarar ganguna da kayan busa. Ita kuwa sabuwar jitar da lantarki take aiki, tana da tsirkiya huɗu masu kauri, kuma an gitta ƴan ƙarafa a wuyanta da ke daidaita amon da aka danna. Tsirkiyar da ta fi kauri tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa guda. Shi ya sa ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta fitar da sautinta sosai, don haka mai nazari ya nemi babbar lasifika ko abin saƙalawa a kunne.

Aikin mai bas iri biyu ne. Na farko, shi da mai ganga suke riƙe karin waƙa. Na biyu, shi ke nuna tushen amon da sauran kayan kiɗa da murya za su hau. Ke nan, yana tsakanin bugu da rerawa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Jamerson a jihar Karolina ta Kudu a 1936, ya koma birnin Detroit a 1954, inda ya koyi ƙaton gogen nan a makarantar sakandare, ya kuma goge a kiɗan jaz. Daga 1959 ya fara aiki da kamfanin Motown na Berry Gordy, cikin rukunin makaɗan da ake kira Funk Brothers. Ya yi fiye da shekara goma yana kaɗa wa manyan mawaƙan kamfanin ba tare da an rubuta sunansa a bangon faifai ba. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On, aka ambaci makaɗan da sunayensu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin waƙar baka ta Hausa, domin a nan ma an fi sanin mawaƙi a kan makaɗansa da ƴan amshinsa.

4.0 Kayan Aikinsa

Jitar da aka fi sanin Jamerson da ita Precision ce ƙirar 1962. Ya ɗaura mata tsirkiyoyin La Bella masu kauri da sulɓi, waɗanda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiyar waya, kuma ba ya sauya su sai in sun tsinke. Tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan jitar, sai mai ƙarfin yatsa ke iya danna su. Bugu da ƙari, akwai soso a gindin tsirkiyoyin da ke hana su daɗewa suna karkarwa.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa, za a ga duk manufarsu guda ce, wato amo ya fito da nauyi, ya mutu da wuri. Amfanin wannan a fili yake. Makaɗin da ke son jera amo da yawa a ɗan lokaci yana bukatar kowane amo ya kauce kafin na bayansa ya iso, in ba haka ba su cuɗe. A nan ne masu kwaikwayonsa da dama suke kuskure. Sukan sayi irin jitarsa da irin tsirkiyarsa suna zaton sauti a kasuwa ake samunsa, alhali waɗannan kaya amsa ce ga wata matsala ta salonsa shi kaɗai.

5.0 Salonsa

Da yatsa guda, manuniya, Jamerson yake fizgar tsirkiya, har ana yi wa yatsan laƙabi da ƙugiya. Ya ɗauko wannan ɗabi'a ne daga ƙaton gogen da ya fara koya. Yakan kuma bar tsirkiya ta yi amo ba tare da dannawa ba, domin hannunsa na hagu ya sami damar sauya wuri.

Kamar yadda tsayin wasali ke raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo, kuma karin sauti ke raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, haka tsayin amo da hawansa ke sauya ma'anar kiɗan bas. Misalai uku za su bayyana wannan.

A waƙar "My Girl" ta ƙungiyar Temptations (1964), bas ce ke buɗe fage ita kaɗai, da amo iri biyu rak da ake maimaitawa kamar bugun zuciya, kafin jita ta shigo. Koyon wannan ba shi da wuya. Daɗinsa yana ga ɗan shirun da ke tsakanin amo da amo.

A waƙar Stevie Wonder, "For Once in My Life" (1968), abin ya sha bamban. Idan aka ɗauki kowane zagaye na bugu huɗu a matsayin ɗango, da wuya a sami ɗango biyu da Jamerson ya kaɗa iri ɗaya. Yana riga bugun ganga sauka, yana cusa gajerun amo da aka danne, yana bi ta amon da ke tsakani kafin ya dira a tushe. Duk da haka kari bai karye ba.

A "What's Going On" (1971) ne salon ya cika. Muryar Gaye tana tafiya a hankali cikin alhinin yaƙi da zalunci, bas kuma tana kai da komo a ƙarƙashinta, tana cike gurbin da muryar ta bari kamar ɗan amshin da ya san lokacin shiga. Wannan ce ta fi cancanta ɗalibi ya fara saurare.

6.0 Inda Salon Ya Gaza

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kamfanin Motown ya koma Los Anjeles a 1972, Jamerson ya bi shi. A wannan zamani masu shirya faifai sun fi son tsirkiya mai kaushi da kaifin sauti, da salon marin tsirkiya da babban yatsa wanda Larry Graham ya yaɗa, da gajeren kiɗa mai maimaituwa na ɗakin rawa. Jamerson ya ƙi sauya tsirkiya, ya ƙi sauya salo. Aiki ya yi ta raguwa, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1983 yana da shekara 47.

Ba za a ɗora laifin duka a kan zamani ba. Maimaici shi ma ado ne, kamar yadda amshi yake a waƙar baka, kuma akwai waƙar da ba ta bukatar komai daga mai bas sai ya riƙe abu guda ya daure. Wanda ya kaɗa "My Girl" ya san haka, amma a ƙarshen rayuwarsa ya kasa daidaita sautinsa da bukatar masu ba shi aiki. Haka kuma, yawan amon da ya yi kyau a hannunsa yakan zama surutu a hannun wanda bai iya sauraron mawaƙi ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kayan aikin Jamerson sun biyo bayan salonsa ne, salon kuma ya ginu a kan tsayin amo, da gajartarsa, da shiru. Littafin Allan Slutsky na 1989, Standing in the Shadows of Motown, da fim ɗin 2002 mai wannan suna, sun fito da sunansa fili bayan ba ya raye. Yana da kyau ɗalibai su saurari waƙoƙin nan uku, su bi bas kaɗai, su sa alamar dogo da gajere a kan abin da suka ji kamar yadda suke yanka ɗangon waƙa gaɓa-gaɓa, sannan su gwada wannan awo a kan kalangun da ke bayan muryar mawaƙin baka.