Tambarin Kamfani a Kan Faifan da Aka Sake Bugawa: Misali Daga Waƙoƙin Fela

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin manazarta ga wani abu da akan raina, wato tambarin kamfani da ke tsakiyar faifan garmaho. A ganinmu wannan tambari shaida ce ta tarihi, domin shi ke nuna wanda ya ɗauki nauyin waƙa a ranar da ta fito. Idan aka sake buga faifai aka musanya tambarin, to an taɓa shaidar.

Bari mu ɗauki faifai biyu na Fela Anikulapo Kuti, dukkansu na shekarar 1977. Na farko, Opposite People, ya fito a ƙarƙashin Afrodisia, tambarin kamfanin Decca na Afirka ta Yamma. Na biyu kuwa, Sorrow Tears and Blood, ya fito bayan sojoji sun ƙona gidansa, Kalakuta, a Legas cikin watan Fabrairu na wannan shekara. Kamfanin Decca bai buga shi ba, sai Fela ya fitar da shi da tambarin kansa, mai sunan gidan da aka ƙona. Ashe ke nan wanda ya riƙi faifan a hannu ya fara karanta ƙorafin mawaƙin tun kafin allura ta hau.

Bayan rasuwar Fela a 1997, kamfanonin Barclay da MCA suka sake buga waƙoƙinsa a kan faifan CD, suna haɗa biyu-biyu. Sai ga waɗannan faifai biyu a kwali guda, da tambari guda. Ta fuskar ciniki babu laifi, kuma ba ma musun cewa wannan aiki ya kai waƙoƙin ga kunnuwan da ba su taɓa jin su ba. Amma ɓarakar da ta raba faifan biyu ta ɓace daga idon mai saye. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, PolyGram ya sayi uwar kamfanin Decca ta Landan a 1980, sannan shi kansa ya shiga hannun masu Universal a 1998, inda Barclay da MCA suke.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawara, duk wanda zai kafa hujja da faifai a kundinsa, ya rubuta kamfanin bugun farko da shekararsa, sa'an nan ya ambaci bugun da ya saurara.