Shuɗin Da Ba Ya Cikin Akwatin Allina

Zane nake yi da alli mai launi, irin mai laushin nan da ake murzawa da yatsa a kan takarda. Da kakar bana na zauna zan zana wani dattijo da na gani a kasuwar Kibiya da rawanin ɗan Kura. Allin shuɗi biyar ne a akwatina, na gwada su duka, babu wanda ya kama wannan launin. Shuɗi ne da ya nitse har ya kusa zama baƙi, yana walƙiya idan rana ta taɓa shi.

Abin ya dame ni, don mu ne masu wannan launin. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba. Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da rinin ƙasar nan yana tafiya har Timbuktu. Yau ka zaga Rano ka nemi karofin da ke aiki, ka ga yadda za ka sha tambaya.

Garin rini na kanti ya ci kasuwa. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, ga araha ga sauri. Ba na ganin laifin marinin da ya koma gare shi, yana da bakunan ciyarwa. Amma a daina ce mini launi ɗaya ne. Baba sai an haɗa shi da toka da katsi a rijiyar rini, a bar shi kwanaki ya nuna. Zane yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake shanyawa, kowane tsomi da zurfinsa. Daga nan mabuga su ɗora shi a kan gungume su daka shuni a jikinsa har ya yi ƙyalli. Na kanti kuwa fuska ɗaya gare shi, safe da yamma.

Idon yaranmu nake ji wa tsoro. Ɗalibaina duk shuɗi "bulu" suke ce masa, ba su san turkuɗi ba, ba su san rigar kore ba. Na sayo ƙullin shuni, na niƙa shi, na kwaɓa da ɗan ƙaro, na mulmula kamar alli. Da shi na gama rawanin dattijon. Mako mai zuwa zan kai ragowar aji.