3.4 Wasan *Samanja Mazan Fama*: Harshensa da Matsalar Rashin Adana Shi

A wannan sashe za a dubi wasan *Samanja Mazan Fama*, wanda gidan talabijin na NTA Kaduna ya riƙa nunawa a shekarun 1970 da 1980. An zaɓe shi ne saboda yana cikin wasannin da masu kallo na wancan zamani suka fi ambato idan ana zancen wasannin da ake begen samu a kaset ko faifai, tare da irin su *Karambana* da *Karkuzu na Bodara* da *Kuliya Manta Sabo*. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, armashin wannan wasa a bakin 'yan wasansa yake, don haka rashin fitar da shi kasuwa ya fi yi masa illa a kan wasannin da suka samu shiga littafi.

Tauraron wasan shi ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a shekarar 2023. Mutumin Pategi ne ta Jihar Kwara, kuma ya yi aikin soja da gaske. Kalmar "samanja" kanta aro ce daga sunan wani muƙamin soja na Ingilishi, kamar yadda aka aro "kofur" da "saje" da "hafsa". Mai wannan muƙami a tsakiya yake: hafsoshi suna samansa, ƙananan sojoji suna ƙasansa. Daga nan mafi yawan rahar wasan take fitowa. Mutumin da yanzun nan yake daka wa kurtu tsawa kamar zai haɗiye shi, shi ne zai ƙame yana rawar jiki da zarar na gaba da shi ya shigo, sannan ya koma gida ya tarar da rigimar iyali wadda ba ta san igiyar kafaɗa ba. Bahaushe mai kallo, ko bai taɓa shiga bariki ba, ya san irin wannan mutum a ofis da kasuwa da fada.

Ta fuskar salon sarrafa harshe kuwa, a nan ne wasan ya yi zarra. Hausar da Samanja yake yi ita ce ta bariki, wadda wasu manazarta suke kira Barikanci. Hausa ce da ta daɗe tana haɗa sojojin da harsunansu na gado suka bambanta, tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A cikinta bambancin jinsin namiji da tamace yakan rikice, baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, karin sauti yakan karkace, ga kuma gaurayen Turancin buroka da kalmomin fareti. Ya kamata a tuna cewa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa yawan sojojin Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000. Ke nan lokacin da wasan ya bayyana, wannan nau'in Hausa ya riga ya fantsama cikin unguwanni, kuma mai kallo yana jin sa a bakin maƙwabcinsa. Idan aka rubuta maganar Samanja a takarda, sai ta zama tamkar kuskuren ɗan koyo. Sai an ji muryar, an ga yadda yake zare ido yana taka ƙasa, sannan za a gane cewa gwaninta ce.

Wannan bai hana a ga rauni a wasan ba. Zubinsa na labari ɗaya a zama ɗaya ne, kuma halayen 'yan wasan ba su cika sauyawa ba: Samanjan bara shi ne na bana. Sau da yawa jigon faɗakarwa yakan fito fili ƙarara, har ya kusa zama sanarwar gwamnati. Haka kuma, a ganin mai wannan nazari, wasan ya san iyakarsa. An yi shi a gidan talabijin na gwamnati, a ƙasar da soja suka mulka daga 1966 zuwa 1979, suka kuma dawo a ƙarshen 1983. Dariyar takan tsaya a kan samanja da kurtu, ba ta cika hawa sama ba. Mai yiwuwa wannan ne ya ba shi tsawon rai, amma ya rage masa kaifi.

Idan aka kwatanta da wasannin da aka buga, za a ga girman matsalar. *Jatau Na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi da *Zaman Duniya Iyawa Ne* na Yusuf Ladan suna nan a littafi, ɗalibi zai iya ɗauka ya nazarta shafi bayan shafi. *Samanja* kuwa a kaset ɗin gidan talabijin ya rayu. Irin waɗannan kaset suna da tsada, shi ya sa gidajen talabijin sukan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai, wanda ya tsira kuma zafi da laima da ƙura sukan cinye shi a ɗakin ajiya.

Abin mamaki shi ne, kasuwa ta samu tun wasan bai gushe daga zukatan mutane ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya* a Kano, daga nan cinikin kaset ɗin bidiyo na Hausa ya kankama, bayansa faifan CD ya zo ya wuce. Duk tsawon wannan lokaci ba a tattara tsofaffin wasannin talabijin an fitar da su jere da lamba ba. Wasannin mallakar hukuma ne, 'yan wasan ba su da ikon sayarwa, hukumar kuma ba a kafa ta don ciniki da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ba. Abin da ake samu a yau gutsattsari ne a YouTube, yawanci hoton ya dusashe, babu kwanan wata, babu sunayen 'yan wasa. Da irin waɗannan gutsattsarin, mai nazari zai iya bayyana yadda Samanja yake magana, amma ba zai iya bin sawun yadda harshen wasan ya sauya daga shekarunsa na farko zuwa na ƙarshe ba.