Aska Ko Inji: Shari'ar da Muka Yanke da Garaje

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu tun shekarun 1990, sa'ad da cutar ƙanjamau ta fara ɗibar mutane a garuruwanmu. An faɗe ta a rediyo, an faɗe ta a taron matasa, ma'aikatan asibiti kuma sun yi ta nanata ta: ku rabu da askar wanzami, ku tafi wurin mai inji. Waɗanda suka faɗa da kyakkyawar niyya suka faɗa, akwai kuma gaskiya a cikinta. Amma maganar ta yi tsawo, ta wuce inda aka aike ta. Yau yaro yakan tashi da tunani cewa duk abin da ake soka wa a bango mai tsabta ne, duk abin da ake wasawa a dutse kuwa ƙazanta ne da duhun kai. Mu da muka fito daga makarantun mishan mun fi kowa saurin karɓar wannan hukunci, gama ya yi daidai da abin da muke so mu ji game da kanmu. A kan wannan shari'a nake so in ɗaukaka ƙara.

Zan kai ƙarar wani wuri mai nisa, inda ba allon talla, wato Fashaga a jihar Gadarif, gabashin Sudan. Ƙasa ce ta baƙar laka mai albarka a kan iyakar Habasha, tsakanin kogin Atbara da Setit, inda ake noman riɗi da dawa. Sudan da Habasha sun daɗe suna jayayya a kanta tun iyakar da aka shata a 1902 da 1903, a ƙarshen 2020 kuma sojojin Sudan suka karɓe yawancinta. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan jiha. Kakanninsu mahajjata ne masu tafiya Makka a ƙasa, waɗansu kuma sun biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Mai tafiyar shekaru a ƙasa yana bukatar sana'ar da za ta shiga jaka. Wanzanci kuwa haka yake. Zabira ɗaya ta ɗauke shago duka: aska, ƙaho, almakashi, dutsen wasa da 'yar fata.

Kafin mu ci gaba, sai mu raba abubuwa biyu da bakinmu ya haɗa. In Bature ya ce injin aski, abin da yake nufi shi ne ƙaramar na'urar da mutum yake gogawa a fuskarsa kowace safiya ba ruwa ba sabulu. Wani tsohon soja na Amurka, Jacob Schick, shi ya fara sayar da irinta a 1931. Kamfanin Philips na Holan ya fito da mai kai zagayayye a 1939, Braun na Jamus kuma ya biyo a 1950. A cikinta wuƙaƙen suna ɓoye ne a bayan wata raga ta ƙarfe, gashin da ya leƙo ta ramin ragar shi ake yankewa. Mu kuwa in muka ce inji, kilifa muke nufi, ta shagon askin baba, wadda Leo Wahl ya sami izinin mallakarta a Amurka a 1921. Ita haƙora biyu gare ta, ɗaya yana gogar ɗaya kamar almakashi masu yawa a jere.

Ta farkon ba za ta ɗauke mu lokaci ba. An ƙera ta domin mai miƙaƙƙen gashi, mai aski kullum, mai kantin kayan gyara kusa da gida. Gashinmu murɗaɗɗe ne, yakan kwanta a fata, ba ya shiga raga da sauƙi, in kuwa ya kwana uku sai na'urar ta riƙa fizga maimakon yanka. Ragar da wuƙaƙen suna bukatar canji bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka kai wa manomin riɗi a Fashaga tsarabar irin wannan, zai yi maka godiya, ya ajiye ta a akwati. Takarar gaskiya tsakanin aska ce da kilifa.

Hujjar da masoyan aska suka fi so ita ce ta wuta. Suna cewa inji bawan lantarki ne. Fashaga tana ba su gaskiya rabi. A nan ne aka gina madatsun Rumela da Burdana a kan Atbara da Setit, aka buɗe tashar lantarkinsu a 2017, mai ƙarfin megawat 320. Duk da haka zangon leburori a tsakiyar gona ba ya ganin waya, da damina kuma lakar takan rufe hanya har mota ta kasa fita. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, su ma na gari sun ɗanɗana, musamman a Janairu 2025 da jirage marasa matuƙa suka bugi tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kasala suka shiga duhu. Aska ba ta san an ɗauke wuta ba. Ruwa cikin moɗa ya ishe ta. Amma in faɗi gaskiya, wannan hujja ta tsufa. Kilifa mai batir, wadda ake caji da faifan hasken rana kamar wayar hannu, ta riga ta shiga ƙauyuka. Mai inji ya bar bango, yana iya bin wanzami har ƙarƙashin itace ranar kasuwa. Wanda yake so ya kare aska sai ya nemi wata ƙafa.

Yanzu ga zancen tsabta, wanda shi ne asalin ƙarata.

Laifin wanzami a fili yake, ba zan ɓoye shi ba. Aska ɗaya takan bi kawuna goma kafin azahar, tsakanin kai da kai kuwa ba abin da take gani sai tafin hannu ko fata. Ita ce kuma ake tsaga da ita a yi ƙaho. Hannun da yake aski shi ne yake cire wa jariri beli, al'adar da likitoci suka daɗe suna roƙo a bari saboda zubar jini da ciwon sandarewa. Ƙwayar ƙanjamau ba ta daɗewa a waje da jiki, amma ƙwayar ciwon hanta irin B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini, ɗigon da ido bai gani ba kuma ya isa. Mun ji tsoron ƙaramin haɗari da babbar murya, babban kuwa ba mu san sunansa ba. Mutum yakan ɗauki wannan ƙwaya shekara ashirin yana noma lafiya, sa'an nan ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya, dangi su ce sammu ne.

To, kilifa fa? An ce mana ba ta yanka fata. Da haka masu ƙera ta suka nufa. Amma mu muna son ƙwal-kwabo, muna son gyaran fuska mai kaifi kamar an ja da alƙalami. Domin ya biya mana bukata, mai shago yakan kwance haƙoran, ya matso da su har su daidaita, ya wasa su, sa'an nan ya danna a fata. Zafin nan da kake ji in ya shafa maka sifirit bayan aski, shaida ce cewa fata ta buɗe. A 2018 likitocin fata a birnin Kef na Afirka ta Kudu suka buga sakamakon wani gwaji. Sun karɓi kilifa 50 daga shagunan unguwanni, suka iske alamar jinin mutum a jikin 21, alamar ƙwayar ciwon hanta B a jikin 4. Ta ƙanjamau ba su same ta ba. Waɗannan injuna ne da masu su suka share yadda suka saba.

A nan ne aska ta fi abokiyar takararta, ko da yake ba a faɗa. Aska sumul take, ƙarfe ɗaya, ana iya wanke ta a tafasa ta. Kilifa tana da lunguna tsakanin haƙora inda gashi da maiƙo da jini suke maƙalewa, ba a kuwa tsoma ta a tukunya. Abin da muke gani a shago shi ne buroshi, da ɗan fesa sifirit ko fetur, wani lokaci a gitta mata wutar laita na ƙiftawar ido. Wannan ladabi ne ga mai zaman jira, ba kashe ƙwayar cuta ba ne. Buroshin kansa, da tsumman da ake yafa wa kowa, su ne suke raba wa 'yan makaranta ƙora. Ni kaina na ɗauki shekara biyu ina fama da ƙuraje a ƙeya bayan na saba da wani shago a Zariya mai madubi har uku da fanka da hotunan aski a bango. Tsabtar ɗakin ce ta rufe mini ido ga abin da yake hannun mai ɗakin.

Amma kada masoyan aska su yi guɗa tukuna. A wuri ɗaya inji ya yi nasara sarai, wato a gemu da wuyan mai murɗaɗɗen gashi. Aska ko reza takan yanke gashi a karkace, daidai da fata ko ƙasa da ita kaɗan, musamman in an ja fatar da yatsa kamar yadda gwanin wanzami yake yi. Bakin gashin ya zama kamar tsinin allura. Da ya fara tsiro sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fata, jiki ya ɗauke shi baƙo, ƙurji ya fito. Wanda ya sake bi da reza a kan ƙurajen, tabo yake saya. Shawarar likitoci ga irin wannan mutum ita ce ya bar gashin ya rage kamar milimita ɗaya, abin da kilifa take yi in ba a matse haƙoranta ba. Saboda haka ɗan'uwa mai fama da wuya kamar bayan kada, wanda yake daurewa kowace Asabar da dare domin ya fito sumul ran Lahadi, ya sani ba wanda ya ɗora masa wannan. Ya sayi kilifarsa, ya riƙe ta shi kaɗai, ya yarda da ɗan duhu a haɓa.

Abin mamaki, maganin matsalar aska ya daɗe a duniya. King Gillette ya fara sayar da reza mai yarwa a 1903, shekarar Burmi ke nan, a shekarar farko kuwa reza 168 kaɗai ya sayar. Daga baya masu aski suka sami wata aska mai kube wadda ake zura wa rabin reza. Ana ɓare takardar a gabanka, a karya rezar biyu, a yi maka aski, a yar. Masu aski a ƙasashen Larabawa sun saba da ita. A Mina, inda dubban dubbai suke aske kai cikin kwana ɗaya, hukumomin Saudiyya suna wajabta wa masu aski reza ɗaya ga kai ɗaya. Wanzami na iya wannan ba tare da ya bar ko ɗaya daga cikin gwanintarsa ba, kuɗin rabin reza kuwa bai kai na ƙwallon goro ba. Waɗansu sun karɓa. Waɗansu sun ƙi, suna cewa askar gado ta fi taushi, akwai kuma asiri a jikinta. Ga waɗannan ba ni da kariya. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan jarfa dole ya zauna a yi masa.

Da masu wa'azin lafiya na shekarun nan sun ce "sabuwar reza ga kowane kai", da sun gyara sana'a. Da suka ce "ku koma inji", sai suka kwashe jama'a daga haɗarin da ake gani zuwa wanda ba a gani, suka kuma rage wa wani mutum abinci. Mutumin nan ba aski kaɗai yake yi ba. A ƙauyen Hausa wanzami yana da gidajensa da ya gāda, yana zagaya su, da kaka a ba shi dami. Shi ne yake shiga ɗakin tsohon da ya kasa tashi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, kawo kan," ya jiƙa shi da ruwa, ya murza a hankali, yana ba shi labarin kasuwa. Mai shago ba ya barin kujerarsa domin tsoho ɗaya. A yawancin garuruwanmu wanzamin Musulmi ne, kan da yake hannunsa kuwa sau da yawa na Kirista ne ko na Bamaguje. Ba wurare da yawa suka rage mana ba inda mutum yake miƙa maƙogwaronsa ga wuƙar maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, ya lumshe ido, har barci ya ɗauke shi. Ban ce a sayi wannan da hanta ba. Na ce ba lalle a zaɓa tsakaninsu ba.

Mu koma Fashaga. Da kaka, wajen Oktoba, riɗi yakan nuna gaba ɗaya, in an yi jinkiri kwanson ya fashe ya zube, saboda haka dubban leburori suke taruwa a gonaki daga nesa da kusa. A Nuwamba 2020 kuma masu gudun yaƙin Tigire suka tsallako iyaka dubbai, aka sauke waɗansu a ƙauyen da ake kira Ƙauye na Takwas. A irin wannan taro ba wanda ya san jinin wani, asibiti kuwa yana da nisa. Kilifa ɗaya mai batir tana iya bin kawuna talatin kafin cajinta ya ƙare, ba ruwan zafi, ba maganin jiƙa haƙora. Aska ɗaya ma haka. Amma fakitin reza biyar yana shiga aljihun riga, in an karya su ya aske mutum goma, kowa da tasa. A wannan fili, abin da muka kira na duhun kai shi ne ya fi sauƙin tsabtacewa, abin da muka kira na wayewa kuwa sai mai shi yana da haƙora na canji, da kwanon maganin kashe ƙwayoyi, da haƙurin jira minti goma tsakanin kai da kai alhali layi yana kallonsa.

Akwai allurar rigakafin ciwon hanta B. Nijeriya ta sa ta cikin alluran jarirai a 2004, ma'ana duk wanda ya girmi wannan shekara, in bai nema da kansa ba, kansa a buɗe yake ko a kujerar shago ko a tabarmar wanzami. Sau uku ake yin ta ga babba, cikin wata shida, bayan an gwada jini.