Tsara Manazarta a Nazarin Adabin Hausa

Manazarta ita ce jerin littattafai da maƙalun da mai bincike ya dogara da su, kuma a ƙarshen kundi ake kawo ta. A cikin rubutun kuwa, sunan marubuci da shekara da shafi kaɗai ake sakawa cikin baka biyu. Yawancin kundayen Hausa na yanzu tsarin APA suke bi, wanda ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar.

Littafi ana farawa da sunan marubucinsa na ƙarshe, sai shekara, sai sunan littafin, sai maɗaba'a. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya zai fito da Yahaya, I. Y., da 1988, da maɗaba'ar NNPC. Maƙala tana buƙatar ƙari: sunan mujallar, kamar Harsunan Nijeriya ko Algaita na Jami'ar Bayero, da lambar fitowa, da shafin da ta fara da wanda ta ƙare.

Sai dai tsarin bai zauna wa Hausa daidai ba. An gina shi ne kan sunan dangi, alhali Bahaushe da sunan mahaifi ko na garinsu yake ƙare sunansa. Sa'idu Muhammad Gusau ya koma Gusau, S. M., haka duk marubucin da ya fito daga Tsanyawa zai koma Tsanyawa da harafi biyu, ko da su goma ne. Ya fi kyau a bar sassan nazarin Hausa su rubuta sunan yanka a cike. Bugu na bakwai na tsarin, na 2019, ya kuma cire garin da aka buga littafi. Wannan asara ce ga mai nazarin adabin kasuwar Kano, domin wani littafin ba shekara a jikinsa, maɗaba'ar ta daɗe da rufewa, sunan garin ne kawai zai nuna inda za a nemo shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne hira. APA ba ya saka ta cikin manazarta, a tsakiyar rubutu yake barin ta. Ɗalibar da ta zauna da tsohuwa a wani ƙauyen Tsanyawa ta naɗi waƙoƙin daɓe da na niƙa, tsohuwar nan ce littafinta. Tsohuwar al'adar kundayen Hausa ta jera waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da garinsu da ranar hirar, ita ce daidai, kuma tana da asali: Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Akwai kuma ɗabi'ar kwafe manazarta daga kundin wani ba tare da an ga littafin ba. Kuskuren shekara ɗaya sai ya yi ta yawo daga kundi zuwa kundi. Wanda bai riƙe littafi a hannunsa ba, wajibi ne ya ambaci wanda ya ruwaito masa.